Tambaya da Amsa: Hunturun Birtaniya, Kewar Gida da Tafiye-tafiye

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga Birtaniya suka zo, daga ɗalibai da ma'aikatan jinya da suka baro iyali a gida, sai guda ɗaya daga wata uwa a Katsina. Mun haɗa su wuri guda domin galibin abin da aka tambaya, in aka bi diddiginsa, yana komawa ga tsawon yini da gajartarsa a ƙasar da rana ba ta da tabbas.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchesta. Na zo a watan Yuni, maigida da yara suna Kano. Da farko lafiya lau, amma tun da Nuwamba ya kama na zama kamar ba ni ba: barci ba ya isa ta, jiki duk ciwo, ba na son fita, in na gama waya da yara sai kuka. Kewa ce kawai, ko da wani abu?

Sannu 'yar'uwa, Allah ya sada ki da iyalinki cikin alheri. Kewa tana ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. A Kano yini ba ya gaza awa 11, ba ya kuma kai awa 13, duk shekara, kuma a kan haka jikinki ya ginu. Lokacin da kika sauka Manchesta a Yuni yini ya kai kimanin awa 17. Ranar 21 ga Disamba kuwa rana za ta fito wajen ƙarfe 8:20 na safe ta faɗi kafin 4 na yamma, awa 7 da rabi ke nan, yawanci ma a bayan gajimare. Mai aikin awa 12 a asibiti cikin duhu take fita, cikin duhu take dawowa, sai ta yi kwana uku ko huɗu ba ta ga rana da idonta ba. Haske ne ke saita agogon jiki, shi ke sanar da ƙwaƙwalwa lokacin barci da na farkawa. In ya yi ƙaranci sai kasala da ƙuncin rai da kwaɗayin kayan zaƙi su taso tare.

Sai maganar bitamin D. Fata ce ke haɗa shi in rana ta taɓa ta, amma daga Oktoba zuwa farkon Maris ranar Birtaniya ba ta da ƙarfin da za ta sa a samu isasshe. Hukumar lafiya ta NHS tana ba kowa shawarar shan mikrogiram 10 a kullum a waɗannan watanni, wanda a jikin kwalba za ki ga an rubuta IU 400. Masu baƙar fata da masu rufe jiki, wato mu ke nan, an ce su sha duk shekara. Kada ki wuce mikrogiram 100 a rana sai da umarnin likita. Ki duba kwalbar, domin wasu ƙwayoyin masu taushin nan da jelatin ake yin ɓawonsu, wanda daga jikin dabbobi ake samunsa, ƙwaya busasshiya ta fi kwanciyar hankali. Tun da akwai ciwon jiki, ki nemi likitan unguwarku ya yi miki gwajin jini, ya duba bitamin D da ƙarancin jini da maƙoƙo, don dukansu suna kawo irin wannan gajiyar.

Ranar hutu kada ki kwana har Azahar. Ki fita tsakanin 10 na safe da 2 na rana ki yi tafiyar minti 30, ko da hadari ya rufe sama, domin hasken waje a ranar gajimare ya ninka na fitilar ɗaki sau da yawa. Akwai kuma fitila ta musamman mai ƙarfin haske luks 10,000 da ake zama gabanta kamar rabin awa da safe. Wasu tana yi musu amfani.

Wayar yara ma ki sake mata lokaci. Tun Lahadin ƙarshe ta Oktoba aka mayar da agogon Birtaniya baya da awa ɗaya, don haka yanzu Kano da Yamai suna gabanki da awa guda har zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris, lokacin da za ku sake daidaita. Wayar dare a kan gado, a kashe a bar ki da bango huɗu, ita ce mai kawo kukan nan. Ki kira su kina tafe da rana, ki nuna musu itatuwan da suka kaɗe ganye, su biya miki haddarsu ko aikin makaranta. Idan kuma ƙuncin ya wuce mako biyu bai sassauta ba, ko ya hana ki aiki da cin abinci, ki gaya wa likita ƙarara, ba rauni ba ne kuma ba ƙarancin imani ba ne. In abin ya matsa da dare, ki kira 111, layin neman taimakon lafiya na NHS.

Ɗalibi ne ni a Shefild. Ɗakina sanyi kamar firji, taga kullum tana zufa, baƙar fumfuna ta fito a bayan kabad, kuɗin wuta kuma ya yi mini yawa. Wani aboki ya ce in riƙa sa garwashi a kasko kamar yadda muke yi a gida.

Malam, maganar kasko mu fara kashe ta: kada ka kuskura. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksayid, ba ta da wari, ba ta da launi. A gida ma tana kashe mutane lokacin hunturu, bare ɗakin Ingila mai tagar gilashi biyu da ba ya shaƙar iska ta ko'ina. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barcin da ba a tashi. Haka kunna murhun gas don ɗumama ɗaki. Ko turaren wuta ne, a sayi kaskon lantarki, a sa kaɗan, a buɗe taga. Kuma kada a cusa wa ƙararrawar hayaƙi safa ko leda don ta yi shiru, ranar gobara ita ce mai tashin ka.

Zufar taga daga cikin ɗakin take. Numfashinka, tururin girki, wanka, da wankin da ka shanya a kan radiyeta, wato ƙarfen ɗumama ɗaki, duk ruwansu iska ke ɗauka, in ta taɓa gilashi ko bango mai sanyi sai ta sauke shi. Inda ruwan ya zauna iska ba ta ratsawa, nan fumfuna ke tsirowa. Hunturunmu na bushewa ne, har leɓe ya tsage. Nasu na danshi ne, shi ya sa dabarar gida ta toshe ko'ina take jawo ɓarna a can. Kowace safiya ka goge tagar da tsumma, ka buɗe ta minti 10. Ka janye kabad da gado daga bangon waje kamar faɗin tafin hannu. Ka rufe tukunya in kana girki, ka kunna fankar zuƙe tururi, ka rufe ƙofar banɗaki bayan wanka. Ɗan agogon auna danshi ba shi da tsada. Ka riƙe shi ƙasa da kashi 60 cikin 100. Fumfunar da ta riga ta fito a fesa mata maganinta a goge da safar hannu, kada a gauraya bilic da wani sinadarin wanki. Ka ɗauki hoto ka rubuta wa mai gidan, domin in yoyo ne daga rufi ko bango, gyaran nasa ne.

Ɗumin ɗaki kada ya gaza digiri 18. Ka taɓa radiyeta: in ƙasanta da zafi samanta da sanyi, iska ce ta taru a ciki. A kashe na'urar ɗumama gida, a bari ta huce, a sa ɗan makullinta a kusurwar sama, a murɗa kaɗan da tsumma a ƙasa; za ka ji "fiii", da ruwa ya ɗigo sai a ɗaure. Kuɗin wutarka kuwa, muna zargin ƙaramar hitar lantarki ce. Mai kilowat 2 tana shan yunit 2 duk awa, kuma kuɗin yunit ɗin lantarki ya ninka na gas wajen sau huɗu. Bargon lantarki bai cika wuce wat 100 ba. Ka samu bargon da aka rubuta masa tog 13.5 (ma'aunin ɗumin bargo ke nan), da gorar roba ta ruwan zafi: a cika ta kashi biyu cikin uku, da ruwan da ya ɗan huce, ba tafasasshe ba.

Sutura hawa uku ake yi: mai kama jiki a ciki, suwaita ta ulu a tsakiya, sai jaket mai tare iska da ruwa a waje. Shadda da yadi kyau gare su, amma auduga tana shan gumi ta riƙe, sai ta zame maka sanyi. In za ka sa kaftani ranar Juma'a, ka sa hawa biyun a ƙarƙashinsa. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji suna da jaket masu kyau da araha.

Lokutan salla sun rikita ni. Manhajar wayata da jadawalin masallaci ba sa haɗuwa, musamman La'asar.

Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, ɗan'uwa. Masallatai da yawa a Birtaniya mutanen Pakistan da Indiya da Bangaladash ne suka gina su, kuma Hanafawa ne: La'asar a wurinsu sai inuwar abu ta ninka tsawonsa biyu. A Malikiyya da muka tashi a kai, da inuwa ta kai tsawon abu sau ɗaya lokaci ya shiga. Tazarar takan kai rabin awa da hunturu, ta haura awa guda a watan Yuni. A cikin manhajar akwai inda ake zaɓa.

A Disamba a Landan Azahar tana shiga wajen 12, La'asar kusan 1:35, Magariba kafin 4. Salloli uku cikin awa 4, duk a tsakiyar aiki ko lacca. Ka riƙe alwala, ka nemi ɗakin ibada, yawancin asibitoci da jami'o'i suna da shi, ka kuma tambayi malami sharuɗɗan shafa a kan huffi. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli kuma wata matsalar ce: duhu ba ya gama rufe sama har gari ya waye, don haka masallatai ƙiyasi suke yi wa Isha'i da Asuba, shi ya sa jadawalinsu ke saɓawa. Ka ɗauki masallaci ɗaya ka bi shi. Haka ganin wata: jama'ar garin da kake za ka bi, ko da sanarwar Sarkin Musulmi ta zo da wata rana dabam.

Kada ka ce "gabas" ka kabbara. A Kano alƙibla tana gabas ne da ɗan karkata arewa, a Landan kuwa kudu maso gabas take, wajen digiri 119. Azumi dai ya zo da sauƙi a 'yan shekarun nan: a 2016, da ya faɗo a Yuni, an yi na awa 18 zuwa 19, yanzu kuwa yana gangarowa cikin hunturu da kwana 10 ko 11 duk shekara.

'Yata tana karatu a Bamingham. Wani zai tafi, ina son in aika mata kilishi da man shanu da dambun nama da kuka da daddawa. Za su wuce?

Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma ku cire ukun farko. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shigo da nama ko abin da aka yi da nama, da madara ko abin da aka yi da ita. Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk sun shiga ciki, komai bushewarsu, saboda tsoron cututtukan dabbobi. In an gani za a ƙwace a lalata, ɗan aiken kuma yana iya shiga matsala. Busasshen kifi an yarda har kilo 20, zuma har kilo 2. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin kunu da garin ɗanwake, a niƙa, a bushe sarai, a ɗaure a leda biyu, a rubuta sunan kowanne. In ɗan aiken yana shakkar wani abu, ya bi layin ja ya nuna wa jami'an kwastan da kansa.

Ku gaya mata yawancin abin da take marmari yana kusa da ita da wani suna. A shagunan Indiyawa gero shi ne bajra, dawa jowar, tsamiya imli, kuɓewa bhindi. Fura ba ta gagara: kofi 2 na garin gero, citta da kanumfari da ɗan barkono, a kwaɓa da ruwa kaɗan, a cura, a jefa cikin tafasasshen ruwa minti 20 zuwa 25, a kirɓa da zafinsa, a sake curawa a barbaɗe da gari, a dama da yogot marar sukari. Ƙullun waina kuma in ya ƙi tashi, sanyin kicin ne. Ta ajiye shi kusa da radiyeta ta ƙara masa lokaci.

Shekarata biyu a nan, daga aiki sai ɗaki. Ina son in ga ƙasar amma jirgin ƙasa tsada. Ina zan je, yaushe, kuma ta yaya?

Wannan tambayar ta faranta mana rai, domin mutanenmu da yawa suna shekaru a can ba su san komai ba sai tashar bas da shagon nama. Ƙasar tana sake kama kusan duk wata. A Fabrairu wasu fararen furanni ƙanana ke fasa ƙasa tun sanyi bai tafi ba. A Maris rawayen dafodil ke cika bakin hanya, 'yan raguna suna tsalle a makiyaya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu ƙasan dazuzzuka kan rufe da shuɗin fure kamar an shimfiɗa baƙin rini na Ƙofar Mata da bai gama kamawa ba, mako biyu ko uku ne ya wuce. A Agusta tsaunuka su koma shunayya. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ganye ya rine, ja da rawaya da ruwan goro, ya zube har yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Dusar ƙanƙara ba ta cika zama a Landan ba. Mai son ganin ta sosai ya nufi Aviemore a tsaunukan Sikotlan a Janairu ko Fabrairu, jirgin ƙasa yana zuwa har can.

Don farawa, ƙauyen Edale yana kan layin da ya haɗa Manchesta da Shefild, bai kai awa guda daga kowannensu ba. Daga tasha ana hawa tudun Mam Tor mai tsayin mita 517, a ga kwari biyu dama da hagu, da katangun dutse da tumaki. Tafkin Windermere ma jirgi yana kaiwa, a canza a Oxenholme. Amma tudu ba wasa ba ne: duk hawan mita 150 sanyi na ƙaruwa da kusan digiri ɗaya, ga iska. A sa takalmi mai kama ƙasa, a ɗauki ruwa da abinci da tocila da abin cajin waya, domin sanyi yana zuƙe batir. Da hunturu a sauko kafin 3 na yamma. Da zafi kuma kada kyan tafki ko dam ya ruɗe ka ka faɗa. Ruwan yana da sanyin da ke ɗauke numfashi nan take, ko ga gwanin iyo.

Tsadar jirgi ta mai sayen tikiti ranar tafiya ce. Tikitin Advance yana fitowa kimanin mako 12 kafin ranar, da rahusa sosai, sai dai na jirgi ɗaya ne tak: in ya wuce ka, kuɗin ya tafi. Katin Railcard yana rage kashi ɗaya cikin uku; akwai na 'yan shekara 16 zuwa 25, wanda ɗalibin cikakken lokaci ke iya samu ko ya haura haka, da na 26 zuwa 30, da na mutum biyu masu tafiya tare. Tafiya ɗaya mai nisa takan mayar da kuɗinsa. Landan zuwa Manchesta awa 2 da 'yan mintuna ne a jirgi, zuwa Edinbara kimanin 4 da rabi. Bas ɗin National Express ko FlixBus ya ninka lokacin amma ya fi araha nesa. Ranar Lahadi ake yawan gyaran layi, sai a sauke ku a sa ku a bas. Ranar 25 ga Disamba jirage ba sa tafiya sam, washegari ma kaɗan ne. In jirgi ya makara, ka nemi diyya ta tsarin Delay Repay, kamfanoni da yawa daga minti 15 suke fara biya. Belfast cikin Birtaniya take, amma Dablin da Faris kowacce da bizarta dabam ga mai fasfon Najeriya.

Ka ja wani ku tafi tare, ko da mutum ɗaya ne daga masallaci ko wurin aiki.

Zan je gida hutu bayan shekara uku. Me zan shirya?

Allah ya kai ka lafiya. Zuwa Abuja kai tsaye daga Landan awa 6 ne da ɗoriya. Zuwa Kano sai an yada zango, galibi a Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha. In tikitin ya bi ta Faransa ko Jamus ko Holan, ka bincika bizar wucewa kafin ka biya, don fasfon Najeriya da na Gana suna cikin waɗanda ake nema wa ita. In ka sabunta fasfo, ka shigar da sabon a asusun bizarka na intanet tun kafin ka tashi, domin da shi kamfanin jirgi zai tantance ka ranar dawowa. Disamba da ƙarshen Yuli zuwa Agusta su ne lokutan tsada.

Abin da aka fi sakaci da shi zazzaɓin cizon sauro ne. Ɗan jurewar da jikinka ya saba da ita tun yarinta tana raguwa in ka daɗe ba a cije ka ba, kuma yawancin masu komawa Birtaniya da maleriya 'yan ziyarar gida ne daga Afirka ta Yamma, masu cewa "ai mu mun saba". Ka je kantin magani ko asibitin matafiya mako 6 kafin tafiya. Cikin magungunan rigakafin maleriya, atovaquone-proguanil ana fara shi kwana 1 ko 2 kafin a isa, a sha kullum, a ci gaba kwana 7 bayan an baro. Doxycycline ya fi araha, amma sai an ci gaba da shi mako 4 bayan dawowa, kuma ba a ba mai ciki ko yaro ƙasa da shekara 12. Yaran da aka haifa a Birtaniya ba su da wata kariya ko kaɗan, su za a fi tsananta wa gidan sauro da man shafawa, musamman in tafiyar ta faɗo cikin damina. Ka ɗauki katin rigakafin shawara, in kuma da rani za ka je ka tambayi allurar sanƙarau.

Bayan ka koma, duk zazzaɓin da ya taso cikin shekara guda, musamman wata ukun farko, kada ka ce murar sanyi ce ka sha farasitamol ka kwanta. Ka nemi likita a ranar, ka fara da gaya masa ƙasar da ka je da ranar da ka dawo, ka ce a yi maka gwajin maleriya.